Kware Da Nisa, Dattijon Ikilisiya Yana Kusa

 Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ba mai daɗin ji ba ce, mun kuwa daɗe muna ɗage ta. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

'Yan shekarun baya, mai rubuta wannan shafi ya je jana'iza a wani ƙauye na bakin fadama. Ba za mu ambaci ƙauyen ba, ko ɗarikar, gama iyalin suna nan da rai. Mamacin saurayi ne, manomin shinkafa, ɗan ƙungiyar mawaƙa, bai daɗe da aure ba. Ya ci bashi ya yi noma, ruwa ya zo ya shafe gonar, masu bashi suka fara sallama a ƙofar gida safe da yamma. Wata rana da asuba aka iske ya kashe kansa. Da muka isa, dattawa suna zaune a gindin dogon yaro suna gardama. Gawar za ta shiga majami'a ko ba za ta shiga ba? Fasto zai yi wa'azi, ko addu'a kaɗai a bakin kabari? A binne shi cikin 'yan'uwa ko a gefe? Gardamar ta ci wajen awa uku, ni ma na sa baki, har da buɗe Littafi. Uwar yaron kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta, matan da suka zo ba su san ko su yi mata gaisuwa ko su yi shiru ba.

Sai da aka watse labari ya fara fitowa. Ashe mako biyu ke nan da ya daina zuwa koyon waƙa. Ya ba ƙanensa wayarsa da rigarsa ta zuwa sujada. Ya bi gidaje yana neman gafara kamar mai shirin doguwar tafiya. Har ya taɓa gaya wa wani dattijo cewa ya gaji da duniya, dattijon ya ba shi haƙuri, ya ce kowa ma a gajiye yake. Kowa ya ga wani abu, ba wanda ya san abin da ya gani. Mun ba gawarsa awa uku, da ransa kuwa ba wanda ya ba shi minti goma. Ba mugunta ce ta hana ba. Ba a taɓa koya mana ba ne.

Akwai masu cewa wannan masifa ta Turawa ce, ko ta 'yan Legas masu yawan buri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu kuma a ƙasashe matalauta da masu tasowa irin tamu suke. A ƙiyasinta na shekarar 2019, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki in an auna da yawan jama'a: wajen mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali na duniya gaba ɗaya 9 ne. Bayan kowane mutum ɗaya da ya mutu kuma akwai wajen 20 da suka gwada Allah ya tsirar da su. Waɗannan suna zaune tare da mu a benci ɗaya ranar Lahadi. Ba mu jin labarinsu domin a wurinmu in abin ya faru, sai a sanar cewa wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya.

Abu biyu ne ke rufe bakin mutane, wato kunya da tsoron hukuma. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ce a sashe na 231 wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya, ko a ci shi tara, ko duka biyu. Na Kudu ma ya sa ɗaurin shekara ɗaya a sashe na 327. Gadon mulkin Ingila ne, su kuwa mutanen Ingila sun soke tasu dokar tun 1961, shekara ɗaya bayan sun ba mu mulkin kai. Majalisar Ghana ta cire wannan laifi a 2023, wata babbar kotun Kenya ta rushe shi a 2025, Jihar Legas kuma ta maye gurbin ɗauri da kai mutum asibiti. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. A shekarar kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin rigakafin wannan mutuwa wanda zai kai 2030, a 2024 ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire hukuncin. Muna goyon bayan a share wannan ɗauri daga duk kundin da ya rage a ciki, muna kuma roƙon shugabanninmu na ƙungiyar CAN su faɗi haka da babbar murya. Iyalin da ke tsoron 'yan sanda ba za su kai ɗansu asibiti ba. Za su ɓoye shi a ɗaki suna ɗura masa manja har lokacin ceto ya wuce.

To, a ce an kawar da tsoro, ina za a kai shi? Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya mafi kusa da mu shi ne na Kware. Daga nan Gesse sai ka bi ta Argungu ka kai Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 150, sannan ka sake mota zuwa Kware. Mutumin Zuru ko Yauri kuwa yini guda zai yi a hanya, da kuɗin mota na mutum biyu ko uku, tun da mai irin wannan ciwo ba ya tafiya shi kaɗai. Muna da Asibitin Sir Yahaya da babban asibitin Tarayya a Birnin Kebbi, da manyan asibitoci a Argungu, Zuru da Yauri, kuma nan ne ya kamata a fara garzayawa in rai yana cikin haɗari. Amma ƙarfe biyu na dare, a ƙauyen da babur kaɗai ke shiga, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta mai bishara ce, ko ta katikis, ko ta uwar Zumunta. Ko mun shirya ko ba mu shirya ba, mu ne ake fara samu. Shi ya sa muke cewa horar da dattawan ikilisiya a kan wannan abu ya zama dole, kamar yadda ake koya musu riƙon littafin baiko.

A nan ne maganar adalci ta shigo, muna so mu ɗan daɗe a kanta. Ikilisiyoyinmu a wannan jiha taron harsuna ne. Akwai Lelna masu C'lela, Dukkawa, Kambari, Fakkawa, Gungawa, da Hausawa Kirista. Akwai Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa, ma'aikata daga Filato, Binuwai da Kudancin Kaduna, iyalan sojoji da 'yan sanda a bariki, da 'yan bautar ƙasa da ke fitowa daga sansanin Dakingari a tura su garin da ba su san kowa ba. Hausa ce ta haɗa mu, muna kuwa godiya ga Allah dominta. Amma Hausar cinikin hatsi dabam, harshen da mutum ke kuka da shi dabam. Tsohuwar da ta fito daga ƙasar Zuru za ta iya taya buhun dawa da Hausa, amma abin da ke cin zuciyarta tun ranar da aka kashe ɗanta a gona, da C'lela kaɗai zai fito. In aka kai ta asibiti, likita yana tunani da Turanci, yana tambaya da Hausa, wani yana fassarawa. Wa ke fassarawar? Sau da yawa ƙanen miji ne, ko suruka, ko ɗan cikinta. Wace mace ce za ta ce ta bakin ɗanta tana so ta mutu? Wace amarya ce za ta faɗi abin da ake yi mata a gida, alhali mai yi matan ne tafinta?

Ko masu jin Hausa sosai ba sa zuwa su ce suna da ciwon damuwa. Mutum zai ce kansa yana zafi, wani abu yana yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, tunani ya yi masa yawa. Sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ya sha, ya dawo bayan wata ɗaya da kuka iri ɗaya. Wanda ya san yadda mutanensa ke faɗin ciwon zuciya shi ne zai gane. Don haka horon da za a yi da Turanci a ɗakin taro mai sanyi a Birnin Kebbi, a raba takardun shaida da kuɗin mota ga fastocin birni, ya bar waɗanda suka fi bukata a baya.

Mu kuwa mun san inda nauyin ya fi yawa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan, daga Argungu har ƙasa, ta bar manoma da bashin da suka ci don iri da taki. Ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun sha hare-haren 'yan bindiga shekara da shekaru, mutane sun bar gonaki da kaburburan iyayensu sun raɓe a gidajen dangi. Ranar 17 ga Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, waɗansu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa muna yi masa sujadar godiya, a yi rawa, a ci shinkafa, a watse. Wa ke komawa bayan wata uku ya tambaye shi ko yana iya barci? Wa ke tambayar mijin da ya sayar da shanu da gona ya biya kuɗin fansa, yanzu ba shi da abin ba yara? Ikilisiyar da ta fi shan wannan wuya ita ce ba ta da nas ko malamin asibiti a cikin membobinta, baikonta na wata kuma bai kai kuɗin mota zuwa Kware ba. Manyan ikilisiyoyin birni, ku da Allah ya ba likitoci, nas-nas da malaman makaranta a bencinku, wannan bashi ne a wuyanku.

Me ake koyarwa a irin wannan horo? Ba a mai da dattijo likita ba. Cikin yini ɗaya ko biyu ana koya masa ya gane alamu, ya tambaya, ya saurara, ya zauna da mutum, ya raka shi wurin masu magani. Alamun mun riga mun gansu a labarin saurayin nan: janye jiki daga jama'a, rabar da kaya, ban kwana ba dalili, yawan zancen mutuwa ko cewa ya zama kaya ga iyali. A ƙara da shan giya ko ƙwaya fiye da da, da macen da ta haihu ta kasa murna da jaririnta tana kuka ba dalili. Akwai kuma wata alama mai ruɗi: wanda ya daɗe cikin baƙin ciki, kwatsam aka ga ya sake, yana fara'a. Wani lokaci sauƙi ne ya samu, wani lokaci kuwa ya gama yanke shawara ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska kan yi ƙarya, sai an tambayi baki.

Tambayar ce ta fi yi mana wuya. Muna tsoron kada mu sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Masana sun bincika wannan sau da yawa, sun iske tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, gama mutum ya sami wanda zai sauke wa kaya. A keɓe shi, a zauna, a ce, "Ɗana, na ga kwanan nan ba ka cikin walwala, na kuma ji maganar da ka yi. Kana tunanin kashe kanka ne?" Haka, ba kwana-kwana. In ya ce i, kada a zabura, kada a fara jero masa ayoyin hukunci, kada a ce ya dubi wane da ya fi shi wahala. A bar shi ya yi magana. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyaun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, nan suka ɓata.

In ya nuna ya riga ya shirya yadda zai yi, ko ya sa rana, to kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira wani amintacce da shi ya yarda da shi, a nufi asibiti. Irin wannan guguwa takan taso ta lafa, wani lokaci cikin 'yan awoyi, kuma mafi yawan waɗanda aka tsirar ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Mu tuna da mai tsaron kurkuku na Filibi a Ayyukan Manzanni sura 16. Ya zare takobi domin yana tsammani 'yan sarƙa sun gudu. Bulus bai jira gari ya waye ba, ya ɗaga murya nan take ya hana shi, ya tabbatar masa ba wanda ya tafi. Kafin asuba mutumin nan yana wanke musu raunuka, yana ba su abinci a gidansa. Annabi Iliya ma, a 1 Sarakuna sura 19, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, daga baya aka yi masa magana, aka kuma ba shi Elisha abokin aiki. In annabin da ya kira wuta daga sama ya kai wannan hali, ɗan mawaƙanmu da ya kai can bai zama marar bangaskiya ba.

Ba mu ce a bar addu'a ba, Allah ya sawwaƙe. Amma mai hawan jini muna yi masa addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ke ce masa ya zubar da ƙwayoyin don ya nuna bangaskiya. Ciwon damuwa mai tsanani ciwo ne, yana da magani, ana kuma warkewa. Dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, kuma wuraren da ta ambata sun haɗa da gidajen addu'a na Kirista, ba gidajen mari da na masu maganin gargajiya kaɗai ba. Ɗaure marar lafiya, ko dukansa, ko tilasta masa azumin kwana bakwai da sunan fitar da aljani, zalunci ne, kada a ji shi a cikinmu.

Waɗansu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Wani limamin Angalikan mai suna Chad Varah, jana'izar farko da ya yi a 1935 ta wata yarinya ce da ta kashe kanta domin ta ga jinin al'ada ta ɗauka mummunar cuta ce, ba ta kuwa da wanda za ta tambaya. Abin bai bar zuciyarsa ba, har a 1953 ya sa wayar tarho a majami'arsa a Landan domin duk wanda ya rasa mafita ya kira. Ya lura cewa masu sa kai da ke ba mutane shayi suna jin kukansu kafin su gan shi, sau da yawa sun riga sun yi aikin. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya rasa wata marar lafiyarsa a tsakiyar shekarun 2000 domin uwarta ba ta da kuɗin motar kawo ta Harare. Sai ya horar da tsofaffin mata 14, ya zaunar da su a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane da harshen Shona, suna kiran ciwon da sunan da jama'a suka sani, wato yawan tunani. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Iyayenmu na Zumuntar Mata, da me kakannin Harare suka fi ku? A nan gida ma, ikilisiyar Methodist ta kafa cibiyar Amaudo a Jihar Abiya tun 1989, daga 2011 kuma ta haɗa hannu da gwamnatin Binuwai aka horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, har magani ya iso kusa da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin irin wannan horo tun 2008, ba sai mun ƙirƙiro sabo ba.

Akwai abu ɗaya da kowane magidanci zai iya yi yau ba tare da horo ba. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin feshi na gona suke yi, mu kuwa manoma ne, kwalaben nan suna ƙarƙashin gado, suna bayan ƙofa, kusa da buhun masara. Sau da yawa abin ba shiri ba ne. Faɗa ne ya ɓarke tsakanin miji da mata, ko uba ya ci mutuncin ɗa a gaban jama'a, cikin minti biyar na ɓacin rai hannu ya kai ga abin da ke kusa. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan feshi mafi haɗari, daga 1995 zuwa 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar, amfanin gona kuwa bai ragu ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wani maganin ƙwari mai ƙarfi a ƙananan kwalabe, amma duk mai shiga kasuwa ya san doka dabam, tebur dabam. Ku sayi daidai bukata, ku kulle saura a akwati nesa da ɗakin kwana, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. In kuwa wani ya riga ya sha, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, gama yakan shaƙe abin ya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti domin likita ya san abin da zai yi.

Sai maganar bakinmu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya gaya wa dattijo asirinsa ranar Talata, ya ji shi ranar Laraba a taron addu'a da sunan roƙon addu'a, ba zai ƙara buɗe baki ba, na kusa da shi ma sun koyi darasi. Iyakar riƙon asiri ita ce in rai yana cikin haɗari, a nan ma sai a gaya wa mutumin cewa za a kira wane domin a taimake shi. Matasa kuma, ku daina tura hoton gawa da bayanin yadda aka yi a WhatsApp da Facebook. An tabbatar irin wannan yaɗawa tana jan waɗanda ke bakin rami su bi sahu.

Game da jana'iza, kowace ɗarika tana da tsarinta, wannan shafi ba majalisar tauhidi ba ce. Amma yana da kyau a sani cewa hana irin wannan gawa addu'a, wanda ya samo asali daga majalisun ikilisiya na ƙarni na 6, ba a nan aka tsaya ba. Ikilisiyar Katolika ta cire hanin daga kundin dokokinta a 1983, katikisim nata na 1992 kuma ya koyar cewa tsananin ciwon zuciya yana rage alhakin mutum, kada kuma a fid da zuciya ga jinƙan Allah a kansa. Kashe kai ba nufin Allah ba ne, ba mu kuwa ce a yi masa ado ba. Amma jana'iza ta masu rai ce, kuma iyalin wanda ya kashe kansa suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin bin sa. In muka ƙaurace wa gidan, muka hana 'ya'yanmu auren 'yan gidan, muna haƙa kabari na biyu ne. Uwar saurayin nan ta daina zuwa sujada kusan shekara guda, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya je ya ɗauko ta.

Ga abin da muke roƙo. Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙon asiri, masu jin harshen da membobi ke yi a gida, ba lalle masu muƙami ba. Likitoci da nas-nas na cikinmu su ba da Asabar biyu su koyar, da Hausa, a kuma kai horon Zuru, Yauri da Argungu maimakon a kira kowa Birnin Kebbi. In ƙwararren da ya fi sanin aikin Musulmi ne, a gayyace shi da girmamawa, in kuma maƙwabcinmu Musulmi ne ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare a tashi a raka shi, gama hanyar Kware ɗaya ce gare mu duka. A keɓe baikon Lahadi ɗaya a shekara ya zama asusun mota da magani, ikilisiyoyin birni su ɗauki nauyin na ƙauye. Lahadin da ta fi kusa da 10 ga Satumba ta dace da wannan, tun da ita ce ranar da duniya ke tunawa da rigakafin wannan mutuwa tun 2003. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ƙungiyar SURPIN, wadda ta fara aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, ta buɗe layukan waya har da na masu jin Hausa. Sakatare ya nemo lambobin, ya kira da kansa ya ji an ɗauka kafin ya liƙa su a allon sanarwa, ya sa lambar mutum biyun nan da ta nas mafi kusa a ƙarƙashinsu.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kike karanta wannan shafi kina jin kamar da ke ake, kada ki jira Lahadi. Ki gaya wa mutum ɗaya yau, da harshen da ya fi miki sauƙi. In na farko ya ba ki haƙuri ya wuce, ki je wurin na biyu, ko ki nufi asibiti mafi kusa ki faɗa wa nas abin da kike ji, kamar yadda yake.

Fastoci da masu bishara, in za ku zo taron shugabanni na gaba, ku zo da sunayen mutum biyun a rubuce, da lambar wayarsu, da harsunan da kowannensu ke ji.